Amsa Arba'in Iri Ɗaya Na Kai Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. In na zauna wajen mai shayin bakin masaƙa a Sharada, kafin a zuba mini wani ya ce, "Malam Garba, yaya ƙasar Faransi?" In na je ɗaurin aure Zawaciki ma haka, har wanda ban sani ba sai ya matso ya ji ko da gaske ne an tsare ni a kan iyaka. Labarin ya yi ta ƙiba a bakin mutane har na ji an ce kwana uku na yi a kulle. To ba a kulle ni ba. Awa guda na yi a kan benci, har ruwan randa aka ba ni. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin yadda ya faru, kowa ya karanta, ni kuma a bar ni in sha shayina da zafinsa.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin furamare ne a Challawa, shekara goma sha huɗu ina koyar da kimiyya a aji shida. Yawancin 'yan ajina 'ya'yan ma'aikata ne, na majemar fata da na masaƙa, sai 'yan kaɗan na manoman garin da kamfanoni suka zo suka tarar. Ba yabon kai ba, allona ya fi na kowa tsabta a makarantar, kuma in na jefa tambaya ajin kan amsa da murya ɗaya har mai wucewa a bakin titi ya ji. Da wannan nake tinƙaho.

Ana nan sai aka turo mana sabon malami, Malam Nasiru, matashi mai takardar da ta fi tawa. Ba a yi mako biyu ba Hedimasta ya kira ni ofis, ya yi ta gyara takardun da ba su bukatar gyara, sannan ya ce, "Malam Garba, ƙarshen zangon nan zan duba wanda zai riƙe kimiyyar aji shida. Ban yanke ba tukuna." Na gane maganar sarai. A makarantarmu wanda aka karɓe wa aji shida, aji biyu ake tura shi, ya yi ta rera baƙaƙe da masu majina. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina son ajin nan, kuma ban iya wani abu ba in ba shi ba.

A cikin wannan hali wasiƙa ta zo. Wasu malaman jami'a, na nan da na Nijar, suna binciken yadda yaran da suka tashi da Hausa ke fahimtar kimiyya, za su tara malaman furamare a Damagaram mako guda. Ajin da suka zaɓa za su bi shi shekara biyu, shi da malaminsa. Hedimasta ya ce, "In suka ɗauki ajinka, ai ba mai taɓa ka." Sharaɗin guda ne. Kowane malami ya yi wa 'yan ajinsa tambayar da ke cikin wasiƙar, su rubuta da Hausa abin da suke gani, ya taho da takardun. Tambayar kuwa ita ce: in an wanke riga an shanya ta bushe, ina ruwan ya tafi?

Na yi musu tambayar, na tattara takardu, na tafi da su gida. Bayan la'asar na baje su a tabarma, ban kai ta goma ba gumi ya karyo mini. Wani ya ce igiya ce ta shanye. Wata ta ce rana ce ta sha don tana jin ƙishirwa. Na ce a raina, ni zan ɗauki wannan in tsallaka iyaka da shi, in ajiye gaban daktoci, da sunan Kano? Na miƙa wa maiɗakina ta hura wutar tuwo da su. Kashegari na rubuta amsar littafi a allo da kyakkyawan rubutuna: "Zafin rana ne ke mayar da ruwa tururi ya tashi sama." Na sa kowa ya kwafa a sabuwar takarda, mai ƙazamin rubutu ya sake. Hedimasta ya duba, ya ce wannan shi ne aiki.

Abokin tafiyata Malam Isufu ne, mutumin wani ƙauye kusa da Matamaye, wanda ya daɗe yana aikin gishirta fata a majema. 'Yarsa Saude tana ajina. Hutunsa ya zo daidai, ya ce ba zai bar malamin 'yarsa ya faɗa hannun jandarma shi kaɗai ba. Muka shiga fijo da hantsi, mu tara ban da direba da buhun barkono, wanda aka ɗora daidai ƙeyata. Daga Kano zuwa Kazaure atishawa kawai nake yi, wata tsohuwa a gaba tana yi mini addu'a har ta gaji ta daina. A Kazaure taya ta yi faci, aka sauke mu gindin wata tsamiya. Nan Malam Isufu ya kwance ƙullin dafaffen ƙwai da yaji, ya ce, "Malam, ita Saude me ta rubuta a takardar nan taku?" Na ce ta rubuta daidai, har ta fi kowa kyan rubutu. Ya ji daɗi ya ƙara mini ƙwai.

A Daura muka yi azahar, muka sha fura, muka miƙe Kwangwalam. Namu ma'aikatan ba su ɓata mana lokaci ba. Da muka tsallaka sai ga wani jandarma dogo, siriri, hularsa a karkace, ya ce kowa ya buɗe kayansa. Ya ɗaga babbar rigata ta zuwa taro, ya ajiye. Ya shinshina kwalbar man zafina, ya ajiye. Sai ya kai ga ambulan ɗin da na zuba takardun yara. Ya zaro takarda ɗaya ya karanta a hankali yana bin ta da yatsa, ya zaro ta biyu, ta uku, ta goma. Fuskarsa ta canza.

"Mushe, mi ne ne wannan?" Su malamin makaranta mushe suke ce masa.

Na ce amsar 'yan makaranta ce.

"Yara nawa?"

"Arba'in."

"Yara arba'in suka faɗi magana guda, ba wanda ya ƙara, ba wanda ya rage? Ni ma na yi lakwal, na zauna a aji. Wannan ba aikin yara ba ne, takardar ƙungiya ce. Wa za ka raba wa?"

Haka aka zaunar da ni a benci, fijo tana jira, direba yana harara ta. Jandarman ya kai wa babbansu, babban ya sa tabarau ya karanta duka arba'in ɗin ɗaya bayan ɗaya, wai ko akwai wadda aka ɓoye wani abu a ciki. Malam Isufu ne ya cece ni. Ya tsuguna ya yi ta zayyano dangi, har aka gano babban jandarman ya taɓa zama a garin kakarsa. Sannan ya rantse 'yarsa ta cikinsa tana cikin masu rubutun, ya nemo takardar Saude ya nuna. Babban ya maido mini da ambulan ya ce, "Lalle yaranku na Kano suna da haɗin kai." A lokacin na ɗauka yabo ne, har na yi godiya.

Malam Isufu ya sauka a Matamaye, muka yi alkawarin in biyo masa ran komawa. Na isa Damagaram dab da magariba. An sauke mu a wani gidan baƙi na malamai, biyu biyu a ɗaki, gadon ƙarfe gajere wanda in na miƙe ƙafata sai ta leƙa waje. Abokin ɗakina Mushe Laminu ne, malamin wani ƙauye a kudancin Damagaram, gajere mai fara'a, ba ya rabuwa da 'yar butar shayi da ɗan murhun waya. Hausarmu ɗaya, amma in ya ɗauko maganar makaranta sai na riƙa tsayar da shi. Littafin rubutu kaye ne, ofis kuwa buro. Shi kuma ya yi ta dariyar "hedimasta", ya ce sunan kamar na maganin ciwon kai.

Abinci ya ɗan ba ni wuya da fari. Da safe na fito ina neman koko da ƙosai, sai aka ajiye mini burodi dogo kamar taɓarya, mai tauri, da kofi da madara a kwano, ba a kofin shayi ba. Na tsaya ina kallon yadda ake yi, na ga kowa na tsoma burodin a kwanon, ni ma na tsoma. A rana ta uku har ƙari nake nema. Da rana akwai shinkafa da miya, ko dambu da kwaɗon zogale wanda ya fi na gidana, amma kada a gaya wa maiɗakina. Shayin Mushe Laminu kuwa zagaye uku ne, a ɗan kofin gilashi da bai fi babban yatsa ba, kuma in ka sha na farko ba ka da ikon tashi sai ka ga na ukun. Mu da muka saba da jiniyar kamfani, kowa na kurɓa yana duba agogo, wannan zama ya yi mini tsawo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsakar rana. Ran farko aka tashi cin abinci, na ci, na yi salla, na zura babbar riga na koma zauren taro ƙarfe biyu daidai, ina so a ga Bakano ba ya makara. Na tarar da ƙofa a rufe, maigadi na barci a inuwa, garin tsit, ko kanti ɗaya ba a buɗe ba. Na ɗauka an yi rasuwa. Ashe haka suke yi kullum, kowa ya je ya kwanta sai rana ta yi sanyi a dawo aiki. Na tuna Bompai a irin wannan lokaci, injuna na ruri, masu fita aiki na karo da masu shiga, na ce lalle mutanen nan sun san abin da suke yi.

Shugabar taron Dakta Binta ce, daga ɓangarenmu, mace mai sanyin murya wadda ba ta ɗaga ta ko sau ɗaya ba a mako gudan. Ta fara da bayanin abin da ya tara mu. Ta ce da can mai bincike kan koyar da aji biyu ta hanya biyu, ya yi musu jarrabawa, ya ga wanne ya fi ci. Ana yin wannan har yanzu, amma ba ya gaya maka dalilin da ya sa yaro ya ci jarrabawa ranar Alhamis, ranar Asabar kuma ya koma kan tunaninsa na da. Yanzu abin da suke nema shi ne abin da ke kan yaro kafin malami ya buɗe baki, don yaro ba ya zuwa aji da kai fayau. Ya ga wanki, ya ga girki, ya yi nasa lissafin. In malami bai san wannan ba, in ji ta, yana shafa farar ƙasa ne a bangon da bai bushe ba.

Na gyaɗa kai tare da kowa, amma hankalina yana kan ambulan ɗina.

Aka ce kowa ya karanto na ajinsa. Mushe Laminu ya miƙe yana murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa. Wani yaronsa ya ce ruwan ya koma rijiya ta ƙarƙashin ƙasa. Wata ta ce iska ce ta kwashe ta kai wa gajimare, shi ya sa ran da ba iska wanki ke daɗewa. Ana dariya ana tafi, Dakta Binta na kwafe kowace amsa a ɗan kati, tana jera su kashi kashi a tebur: masu cewa ruwan ya ɓace ke nan, masu cewa ya shiga wani abu da ido ke gani, masu cewa ya shiga iska. Wata malama daga Gumel ta karanto wadda ta fi ta igiyata muni, aka ce ta maimaita don a rubuta da kyau. Irin abin da na sa aka hura wuta da shi, shi ake ta rububi.

Da aka zo kaina na miƙa ambulan. Dakta ta duba ta farko, ta biyu, ta bi sauran da babban yatsa kamar mai duba ganyen littafi.

"Malam Garba, yara nawa ne a ajinka?"

"Arba'in, ranki ya daɗe."

"Ni ɗaya na gani a nan, kuma da alama yana da gemu."

Zauren ya kwashe da dariya, har da maigadin da ke leƙe ta taga. Ni ma na yi, don ba yadda zan yi, amma kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba tun ina ɗan makaranta. Na ga aji shida yana fita daga hannuna ina kallo.

Da aka tashi na same ta a baranda na gaya mata gaskiya duka, har da maganar Hedimasta da Malam Nasiru. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ba ni kaɗai ba ne, akwai mutum biyu da suka yi gyara, su dai sun fi ni wayo ne, sun bar 'yan kurakurai don ado. Sannan ta buɗe littafinta ta ce in faɗo abin da na tuna daga na ainihin.

Na tuna na igiya da na rana mai ƙishirwa. Na tuna na Habu, wanda ubansa ke kula da tukunyar tururi a masaƙa. Shi cewa ya yi ba tururi ba ne ko kaɗan, don tururi ana ganinsa fari yana fita daga bututun kamfani, shi kuwa ya tsaya gaban rigarsa har ta bushe bai ga komai ba. Sai na Saude. Ta ce gishiri ne ya shanye ruwan. A majema gishiri ake zuba wa ɗanyar fata ya janye ruwanta, riga kuma tana da gishirin zufa, shi ya sa in ta bushe take yin tauri.

Dakta Binta ta ajiye biro. Ta ce, "Ka ga yarinyar nan? Ta ga abu a wuri ɗaya, ta ɗauke shi ta gwada a wani wuri, ta kawo hujja. Amsar ba daidai ba ce, amma abin da ta yi shi ne kimiyyar. Shi kuma Habu ya kama littafinku da laifi, don kalmar tururi ce ke ɓatar da shi, kuma ba mu da labari sai yanzu. Saura talatin da shida fa?"

Na yi ta lalube a kaina ban samo ko ɗaya ba. Ban karanta su don in ji abin da suka ce ba, na karanta ne don in ga sun yi daidai ko ba su yi ba.

"Takardun suna ina?"

"An yi tuwo da su, ranki ya daɗe."

Ta rufe ido ta ce Allah ya sa tuwon ya yi daɗi.

Sauran kwanakin aiki muka sha. An kai mu wata makaranta a cikin gari, inda na ga al'adar da ta burge ni. Kowane yaro na da ɗan allonsa na alli. Malami ya yi tambaya, kowa ya rubuta tasa a ɓoye, ya buga tebur, sai alluna su tashi sama gaba ɗaya. Ba mai fakewa a bayan muryar wani, malami na ganin kan kowa a lokaci guda. In kuma suna son a kira su, ba ɗaga hannu kawai suke yi ba, yatsu suke kaɗawa suna "Mushe, mushe," ajin ya cika da ƙara kamar ana suyar gyaɗa.

A nan aka sa kowannenmu ya koyar na minti ashirin. Dakta na bayan aji da agogo a hannu, Mushe Laminu na riƙe da rakoda. Na zage na yi darasin da na fi iyawa, na fito ina jin na wanke kunyata. Da yamma aka kunna kaset ɗin. Sai na ji wani mutum mai kaushin murya yana tambaya, kafin yaro ya ja numfashi ya amsa wa kansa, sannan ya ce "Ko ba haka ba?" yara su ce "Haka ne." Na ce wane ne wannan sarkin surutu, aka ce ai ni ne. Dakta ta ce abin da agogon ke aunawa ke nan, tsawon shirun da malami ke iya jurewa bayan ya yi tambaya. Nawa shirun, in ji ta, bai isa a auna ba.

Mun kuma koyi haɗa kayan gwaji da abin da ke yashe a bola. Ni sikeli na haɗa, da sanda da zare da murfin gwangwani biyu, kuma ya yi kyau har Mushe Laminu ya so mu yi musanya da butar shayinsa. Ran rabuwa Dakta ta kira ni gefe. Ta ce tambayar riga ta riga ta lalace a ajina, amma ga wata: in an jefa sukari a kofin ruwa ya narke, nauyin sukarin yana nan ko ya tafi? In aiko mata da amsoshin cikin wata guda, yadda suka fito, da hatimin makaranta. In ta ga yara arba'in a ciki, za ta ɗauki ajin. In ta sake ganin mai gemu, shi ke nan.

A hanyar dawowa na biya wa Malam Isufu. Mutanen gidansu suka yanka mini zabo, suka cika mini jaka da kilishi. A mota, bayan mun wuce jandarman nan, wanda ya gane ni ya tambayi lafiyar ƙungiya, na gaya wa Malam Isufu abin da Saude ta rubuta na gaskiya da abin da na yi da shi. Muka yi ta tafiya har muka kusa Daura. Sannan ya ce, "Sau biyu fa kawai ta taɓa kawo mini abinci majema. Ashe tana kallo."

Ran Litinin na kira Saude gaban tebur, na ce ta sake gaya mini maganar gishirin nan, ina so in rubuta. Ta haɗe hannu a baya ta ce, "Zafin rana ne ke mayar da ruwa tururi ya tashi sama."

"Na sani. Ta farkon nake so, taki."

"Malam, ai waccan ta shirme ce. Ku kuka ce."

Ban tuna na faɗa ba, amma na san bakina. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Na rubuta tambayar sukari a allo, na raba takardu, na koma na zauna. Ba wanda ya taɓa fensir. Ido arba'in biyu biyu na kaina, suna jira in tashi in rubuta abin da za su kwafa. Na ce yau ba ni da amsa, tasu nake so, kuma ba maki. Suka dubi juna, suna zaton tarko ne. Bakina na ƙaiƙayi, na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya don kada in ɗauki alli. Jiniyar majema ta yi kuka ta gama, muna zaune. Habu ne ya fara sunkuyawa, sai na kusa da shi, sai layin gaba. Saude ce ta ƙarshe, kuma ta rufe takardarta da hannu tana rubutu.

A wannan karon na karanta kowace ɗaya sau biyu. Sannan na kai wa Hedimasta ya buga hatimi, na tarar Malam Nasiru na ofis ɗin. Hedimasta ya karanta uku, ya cire tabarau.

"Malam Garba, abin da ka koyo a ƙasar Faransi ke nan? Wannan ya ce sukari ya koma zaƙi, zaƙi kuma ba shi da nauyi sai a harshe. Wannan ta ce nauyin ya taru a gindin kofi. Duk wanda ya ga wannan zai ce shekara goma sha huɗu ba ka koyar da komai ba. Ba zan sa hatimin makarantata a kan abin kunya ba." Ya jawo jan biro.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka gyara ko ɗaya ba za su karɓa ba."

"In kuma ba a gyara ba ni ba zan buga ba. Sai ka zaɓa, ga Malam Nasiru nan a zaune." Ya ci gaba da juya takardun cikin fushi, sai ya tsaya a kan wata. "Yauwa, ga mai hankali ɗaya. Ya ce abin da ya narke ya tafi, nauyinsa ma ya tafi. A sa sauran su kwafi wannan."

Malam Nasiru ya dube ni, na dube shi. Yaron kirki ne, sai ya tashi ya ce bari ya samo ruwa. Na ɗauko sikelina na sanda daga jaka. Muka ɗora kofin ruwa a kowane murfi, da ƙwayar sukari biyar biyar a gefen kofin, muka daidaita har sanda ta kwanta sak. Na ce, "Ranka ya daɗe, zan jefa sukarin wannan ɓangaren a ruwansa. In ya narke, ina sanda za ta yi?"

"Wannan ai ba sai an tambaya ba. Ɓangaren zai ɗaga."

Na jefa, na juya da tsinke har ba a ganin komai, na saki. Sanda ta ɗan yi lilo ta dawo ta kwanta inda take. Hedimasta ya ce bai gama narkewa ba. Muka jira. Ya taso ya leƙa kofin, ya duba zaren, ya ce Malam Nasiru da ke riƙe da shi ya saki, shi ya riƙe da kansa. Ya sa aka sake daga farko da sabon ruwa. A karo na biyun ma sanda ba ta motsa ba. Ni kuwa na kame bakina, ban ce ko ba haka ba.

Ya koma kujerarsa ya zauna, ya daɗe yana kallon kofin. Ya ce shekararsa talatin yana shan shayi da sukari. Sannan ya mayar da jan biro aljihu, ya jawo hatimi, ya bi takardun nan yana bugawa ɗaya bayan ɗaya, yana karanta kowace kafin ya buga.

"Aji shida yana hannunka, ko sun ɗauka ko ba su ɗauka ba. Malam Nasiru zai riƙa zama a baya da agogo, tunda ka ce haka ake yi." Ya miƙo mini ambulan, amma bai saki ba. "Ita Daktar nan, amsar yara kaɗai take tarawa?"

Na ce ban ji ta ce ban da manya ba.

Ya yago takarda daga littafinsa, ya ɗauki fensir, ya kare ta da hannu yana rubutu. Ya ninke ta biyu ya tura cikin sauran.

"A aika har da wannan," in ji shi. "Amma ban da suna."